Muhawara: Me ya sa Amurkawa suka riƙi tseren mota kamar gadon gida?

Sagiru:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da masu kallon Formula 1 ke yawan yi idan an zo batun tseren Amurka, wai ba komai ba ne illa zagaye fili ana karya kwana ta hagu har rana ta faɗi. To amma ga abin dubawa. Kowace shekara a ƙarshen watan Mayu, ranar Lahadi jajibirin ranar tunawa da sojojin da suka mutu a fagen daga, mutum sama da 300,000 ne ke cika filin Indianapolis don kallon tseren mil 500. Da yammacin ranar kuma a Charlotte, jihar Karolina ta Arewa, a sake buga wani na mil 600. A ganina abin da ya dasa wannan wasa a zukatansu shi ne daga gareji ya fito. Wasan bakanikai ne da manoma da 'yan ƙwadago, mutanen da suka san ƙamshin baƙin mai. Tambayata ita ce, yau har yanzu nasu ne, ko kuɗi ya ƙwace shi?

Malam Habu Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam Sagiru ka taɓo tushen. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta barasa a duk Amurka, kuma ko da aka ɗage dokar, mutanen tsaunukan kudu ba su daina dafa tasu a ɓoye ba, don gudun haraji, ga kuma ƙananan hukumomi da yawa da suka ci gaba da haramcin. Mai dafawa yana buƙatar mai kai kaya gari cikin dare, shi kuma mai kai kaya yana buƙatar motar da ɗan sanda ba zai cim mata ba. Ford mai injin silinda takwas, wadda ta fito daga 1932, ita suka fi so, musamman ƙirar 1940.

Aikin da ake yi mata a bayyane yake. A cire kujerar baya don samun wurin kaya. A ƙara wa sifirin baya ganye, domin idan an loda ta kada gindinta ya zauna, tun da mota mai zaunannen baya ita ce alamar farko da jami'i ke nema a hanya. A rarake silinda a faɗaɗa ta, a ƙara kafireto biyu ko uku. Daga waje kuwa a bar ta da fentinta na gida, ba ado ba komai. Ranar Lahadi da babu aiki, sai masu irin waɗannan motoci su haɗu a fili su gwada ta wa ta fi.

Ga hujja ɗaya da ba ta da musu. A tseren farko na babban rukunin NASCAR, hukumar da ke shirya tseren motoci masu kama da na gida, ranar 19 ga Yuni 1949 a Charlotte, Glenn Dunaway ne ya fara ƙetare layi. Da aka duba motarsa sai aka tarar an taɓa sifirin baya irin taɓin masu fasa-ƙwauri, aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper wanda ya tuƙo Lincoln tun daga Kansas.

Injiniya Ladan:
Malam Habu, ban musa ko ɗaya ba, amma labarin masu barasa ya fi ƙarfin gaskiyarsa a bakin mutane. Tseren mota a Amurka ya girmi haramcin barasa. An gina filin Indianapolis a 1909, kuma waɗanda suka gina shi, su Carl Fisher, 'yan kasuwar kayan mota ne masu neman wurin gwaji. Shimfiɗar farko ta tsakuwa da kwalta ce, ta farfashe a tseren farko har aka yi asarar rayuka, shi ne aka shimfiɗa tubali miliyan 3.2. A 1911 aka fara tseren mil 500, Ray Harroun ya ci da motar Marmon. A lokacin kowane direba yana ɗaukar bakanike a gefensa mai duba masa baya, Harroun kuwa ya shiga shi kaɗai ya ɗaura madubi a gabansa.

Saboda haka jijiya biyu ce. Ta arewa ta fito daga masana'anta da injiniyoyi, motocinta masu tayoyi a waje. Ta kudu ta fito daga gonaki da ƙananan garejoji, motocinta masu kama da ta gida. Ita ma ta kudun, wanda ya tsara ta ba mai fasa-ƙwauri ba ne. Bill France bakanike ne mai gidan mai a Daytona Beach, ya gaji da masu shirya tsere da ke tsere wa da kuɗin ƙofa kafin a biya direbobi. Ya tara mutane a otal ɗin Streamline a Disamba 1947, a Fabrairu 1948 aka kafa NASCAR, kuma har yau iyalinsa ne ke riƙe da ita.

Malam Habu Bakanike:
Haka ne Injiniya. Sai dai ka duba wa ya zuba kuɗin farko. Raymond Parks na Atlanta, mai motar da Red Byron ya ci kambin farko da ita, da barasa ya tara dukiyarsa. Junior Johnson kuma, wanda ya ci tsere 50, an kama shi a 1956 a madafar mahaifinsa, ya yi wata 11 a gidan yari, sai a 1986 Shugaba Reagan ya yi masa afuwa. Ba yabon sana'ar nake ba, sana'ar banza ce. Abin da nake nunawa shi ne talakan kudu ya ga ɗan'uwansa a cikin motar nan, mutumin da gwamnati ke bi, wanda bai yi boko mai zurfi ba amma hannunsa ya san ƙarfe.

Ɗanjuma:
Bari in koma kan masu cewa zagaye ne kawai, don idan ba a gane aikin ba, ba za a gane son da ake masa ba.

Filayen ba iri ɗaya ba ne. Daytona mil 2.5 ne, kimanin kilomita 4, kwanoninsa a karkace suke digiri 31, mutum da ƙyar yake hawa da ƙafa. Talladega a Alabama mil 2.66, digiri 33. Indianapolis tsawonsa ɗaya da Daytona amma karkatarsa digiri 9 ce da 'yan kai, kwana huɗu masu kaifi. Martinsville a Bajiniya ɗan ƙarami ne, bai cika mita 850 ba, a can birki ne ke cin wuta har faifansa ya yi ja, zafin ya narka bakin taya ta fashe. Darlington kuwa siffar ƙwai gare shi, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsukewa, domin mai ƙasar ya ce kada a taɓa masa tafkin kifinsa lokacin gini a 1950. Ba yadda za a yi ka saita mota ta ji daɗin kwanonin biyu, dole ka zaɓi wanda za ka sha wahala a cikinsa.

Tun da hagu kawai ake juyawa, da gangan ake gina motar a karkace. Tayoyin dama su ke ɗaukar nauyi, don haka iskarsu ta fi ta hagu yawa, kewayensu ma ya ɗan fi girma don motar ta riƙa neman hagu da kanta. Tayar gaba ta dama ana kwantar da samanta ciki, ta hagu kuma waje, domin a tsakiyar kwana duk faɗin roba ya taka ƙasa. Nitirojin ake hura musu saboda iskar gari tana da danshi, idan ta yi zafi ba a iya sanin yadda za ta kumbura. Ana farawa da iska kaɗan don ta ƙaru da zafi, amma idan aka yi ƙasa da yawa, gefen tayar zai riƙa lanƙwasa a zagayen farko har zaren ciki ya tsinke, can gaba ta fashe ana tsakiyar gudu.

Koken direba a rediyo iri biyu ne. Ko ya ce gaba ya ƙi juyawa, motar na neman bango da hanci, ko ya ce baya na zamewa. Maganin yana hannun shugaban bakanikai: a ƙara ko a rage iska da ɗan kaɗan, ko a zura hannun sifana ta ramin da ke gilashin baya a juya dunƙulen da ke kan sifirin, nauyi ya koma daga wannan kusurwa zuwa waccan. Matsalar ita ce saitin da ya yi daidai da rana tsaka ba zai yi da dare ba. Shi ya sa tseren mil 600 na Charlotte ke da wuya, ana farawa kwalta na da zafi da santsi, a gama ta huce tana kama taya.

Zinaru:
Ƙari kan bayanin Yaya Ɗanjuma, batun iska. Motar da ke gaba ita ke fasa iska, ta bar rami mai ƙarancin matsi a bayanta. Wadda ta shiga ramin tana gudu ɗaya da ta gaba ba tare da ta taka totur har ƙasa ba, ita ma ta gaban tana amfana don iskar da ke jan ta baya ta ragu. Biyu a jere sun fi ɗaya gudu. Junior Johnson ne ya fito da wannan fili a Daytona 500, tseren mil 500 na filin Daytona, na 1960, da Chevrolet da ba ta kai Pontiac ƙarfi ba, ya riƙa liƙe musu a baya har ya ci.

Abin da ke ɓaci: wanda ya daɗe a liƙe, lagiretonsa ba ya samun iska, ruwa ya tafasa. Sai ya ɗan leƙo da hanci gefe ya sha iska ya koma. Haka idan takarda ko leda ta manne a ragar gaba, zafin inji na hawa nan take, dabarar ita ce ya matsa dab da bambar wani, canjin matsin iskar ya ɗauke ta. Turi ma akwai, bamba da bamba, amma sai a miƙaƙƙiyar hanya kuma a saitin tsakiya. Ka tura mutum a kwana ko ka taɓa shi ta gefe, ka juya shi, kuma motoci 20 na bayanku.

Injiniya Ladan:
Wannan cunkoson ma doka ce ta haife shi. A 1987 Bill Elliott ya yi zagayen neman gurbi a Talladega da gudun mil 212.8 a awa, wato kilomita 342. A tseren kansa tayar Bobby Allison ta fashe, motar ta juya baya, iska ta shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta, ta yage shingen waya da ke gaban 'yan kallo. Allah ya tsare ba ta faɗa cikinsu ba. Daga 1988 aka tilasta sa wani farantin alminiyam mai huda huɗu tsakanin kafireto da bututun shigar iska a Daytona da Talladega. Iska ta ragu, mai ya ragu, ƙarfi ya faɗi. Gudu ya sauka ƙasa da mil 200, amma sai kowa ya zama ƙarfi ɗaya, babu mai iya tsere wa wani, motoci 40 a dunƙule layi uku. Kuskuren mutum ɗaya ya kwashe rabin fili. A 1994 aka ƙara wasu fukafukai a rufin mota da ke buɗewa da kansu idan ta juya baya, su kashe iskar da ke ɗaga ta. Injin silinda takwas ne mai lita 5.8, a 2022 ƙarfin doki wajen 670 ne a yawancin filaye, amma a waɗannan manyan aka rage shi zuwa 510.

Hajiya Rakiya:
Sannunku da ƙoƙari. Kun yi ta cewa wasan talaka ne, to a faɗi wane talaka. Wendell Scott baƙar fata ne daga Danville a Bajiniya, bakanike ne da ya yi aikin soja a yaƙin duniya na biyu, shi ma ya yi safarar barasar da Malam Habu ke magana. Duk abin da ake yabon su Junior Johnson da shi, yana da shi. Ranar 1 ga Disamba 1963 a Jacksonville, jihar Filorida, ya ci tsere da ratar zagaye biyu, amma aka ɗaga wa Buck Baker tuta, aka ba shi kofi a gaban jama'a. Sai da fili ya watse aka ce an sake lissafi, Scott ne ya ci. Kuɗin ya karɓa, kofi kuwa sai a 2021 aka miƙa wa iyalinsa, shekara 30 da rasuwarsa. Da 'ya'yansa yake gyaran motarsa, da kayan da manyan ƙungiyoyi suka zubar.

Tutar 'yan awaren kudu, waɗanda suka yi yaƙin basasa don riƙe bauta, ta yi shekaru tana kaɗawa a kan motocin kwana na 'yan kallo. Sai a Yuni 2020, bayan kisan George Floyd, da direba baƙar fata Bubba Wallace ya fito ya yi magana, NASCAR ta hana ta. Wallace ya ci Talladega a Oktoba 2021, baƙar fata na farko da ya ci babban rukuni tun bayan Scott. Shekara 58 tsakani. Wannan ma yana cikin abin da wasan yake nufi ga Amurkawa, kuma shi ya sa iyalai da yawa na baƙaƙe, masu son mota kamar kowa, ba su taɓa jin filin nasu ba ne.

Sagiru:
Gaskiya ne Hajiya, wannan gyara ne a kan maganata ta farko, na karɓa.

Hajiya Rakiya:
Mata ma haka. Janet Guthrie injiniya ce, a 1977 ta shiga Daytona 500 da Indianapolis 500 duka, mace ta farko. Kafin farkon shekarun 1970 ko shiga wurin gyaran motoci a Indianapolis ba a barin mace. Danica Patrick ta ci tseren IndyCar, gasar motoci irin na Indianapolis, a Japan a 2008, ta kuma samu gurbin farko a Daytona 500 na 2013. Abin da ya tsayar da Guthrie ba tuƙi ba ne, masu ɗaukar nauyi ne ba ta samu ba.

Baba Ilu:
'Ya'yana kun yi bayanin ƙarfe, bari in yi na taro. Wanda ya san hawan sallah ya san ba gudun doki kaɗai ke tara jama'a ba, akwai tsari da kowa ya haddace yana jira. Haka Indianapolis. Motoci 33, layi 11 uku-uku. A yi addu'a, a busa ƙahon makokin soja fili ya yi tsit, a rera wata tsohuwar waƙa ta begen Indiyana, jiragen yaƙi su wuce, sannan a ba da umarnin tada inji. Wanda ya ci, madara yake sha. Asalinta Louis Meyer ne, wanda ya nemi a ba shi madara mai tsami bayan ya ci, aka ɗauki hotonsa a 1936, masu kiwon shanu suka ga talla ta faɗo musu. Yanzu kafin tsere ana tambayar kowane direba irin madarar da yake so. A 1993 Emerson Fittipaldi ɗan Barazil, mai gonakin lemo, ya sha ruwan lemo a maimakonta, jama'a suka yi masa ihu, wasu har yau ba su huce ba. An rufe tubalin da kwalta amma an bar yadi ɗaya a layin gamawa, kuma tun da Dale Jarrett ya durƙusa ya sumbace shi a 1996 abin ya zama al'ada. Kofin Borg-Warner kuwa, ana sassaƙa fuskar kowane zakara a jikinsa.

Kujera a can gado ce, iyali su riƙe lamba ɗaya shekara da shekaru suna sabuntawa. An daɗe ana hana nuna tseren kai tsaye a talabijin ɗin garin don mutane su zo da ƙafarsu, a 2016 da aka yi karo na 100 tikiti ya ƙare aka buɗe.

A kudu kuma mutane na zuwa tun ranar Alhamis da motocin kwana, su kafa unguwa a tsakiyar fili, ana gashin nama. Fasto ke buɗe taro da addu'a ana nunawa a talabijin, abin da ba ka gani a ƙwallonsu. Martinsville ba kofi suke bayarwa ba, doguwar agogon katako ce ta tsaye, domin yankin masu sassaƙa kayan ɗaki ne. Kuma ɗan kallo na iya hayar rediyon kunne ya saurari duk abin da direba ke faɗa wa bakanikansa da mai duba masa hanya daga saman rumfa. Wannan kusanci shi ke sa mutum ya ji da shi ake yi.

Ɗanjuma:
Baba ya kawo mai duba hanya, yana da muhimmanci. Direba a ɗaure yake, kansa ba ya juyawa, don haka wani ne a sama ke gaya masa akwai mota a ciki, akwai a waje, ka fita. Idan muryar ta makara da daƙiƙa ɗaya, an yi karo.

Sai tsayawar gyara. Mutum biyar ke tsallaka katanga: mai jak, mai ɗauko taya, masu kwance noti biyu, da mai zuba mai. Dama ake fara yi, mai jak ya ɗaga gefen da bugu ɗaya, a canja biyu, a saki, a zagayo hagu da gudu. Tulun man galan 12 ne, cike ya haura kilo 40, a kafaɗa ake ɗaukarsa, kuma cika tanki na son fiye da tulu ɗaya. Kafin 2022 noti biyar ne a kowace taya, ana manna su a jikin wili da gam tun kafin tsere don kada a tsaya nema. Yanzu noti ɗaya ne babba a tsakiya, taya huɗu cikin daƙiƙa 10 ko ƙasa. Haɗarinsa, idan mai jak ya saki mota kafin notin ya zauna, babu na biyu da zai riƙe, tayar ta fice a fili, a tsare motar zagaye biyu a kuma dakatar da ma'aikata biyu. Motar ba ta da agogon gudu, da juyin inji direba ke auna iyakar gudun layin gyara, ya wuce da kaɗan a hukunta shi. Ita wannan iyaka an sa ta ne a 1991 bayan mota ta murƙushe Mike Rich, mai canja wa Bill Elliott taya, a Atlanta.

'Yan gidan Wood daga Bajiniya su suka mayar da tsayawar nan ilimi, har Ford ta kai su Indianapolis a 1965 suka yi wa Jim Clark aiki ya ci. Da can bakanikan da suka gina motar su ke canja taya. Tun shekarun 1990 aka koma ɗauko tsofaffin 'yan wasan jami'a ana horar da su, ba ruwansu da inji.

Malam Habu Bakanike:
To ka ga inda nake jin ciwo, kuma nan ne amsar Malam Sagiru. Da, abin alfahari shi ne dabarar bakanike, ya karanta littafin doka ya nemo abin da ba a hana ba. Kamfanoni ma da gaske suke, suna da karin magana cewa ka ci ranar Lahadi ka sayar ranar Litinin. A 1969 Dodge ta ƙera Charger Daytona mai dogon hanci da fiffike a baya, sai da ta sayar wa jama'a 500 kafin a bari ta shiga tsere, kuma da irinta Buddy Baker ya haura mil 200 a Talladega a 1970. Sabuwar motar da NASCAR ta kawo a 2022 kuwa, firam da bodi da giya da birki duk daga kamfanonin da aka ware ake saya, haɗawa kawai ƙungiya ke yi. Ka taɓa abu a ci ka tara. A 2023 an ci ƙungiyar Hendrick dala 100,000 a kan kowace mota, motoci huɗu, saboda ramukan iskar bonet. Maƙera da masu walda da yawa a yankin Mooresville, inda yawancin garejojin suke, aikinsu ya tafi. Ford da Chevrolet da Toyota a ƙarƙashi abu ɗaya ne, inji da siffar hanci suka bambanta.

Injiniya Ladan:
A nan mun rabu Malam Habu. Waccan 'yancin da kake bege, mai kuɗi ne ke cin moriyarsa, shi ke da ramin gwajin iska da injiniyoyi 100. A shekarar farko ta sabuwar mota direbobi 19 daban-daban suka ci tsere, har da ƙananan ƙungiyoyi. Kuma kada mu manta abin da tsohon tsari ya ci. Fireball Roberts ya ƙone a Charlotte a 1964, daga nan aka kawo tanki mai jakar roba da soso a ciki. Hannun Richard Petty ya fito ta taga a haɗarin Darlington na 1970, aka kawo ragar taga. A shekarar 2000 kaɗai Adam Petty da Kenny Irwin da Tony Roper suka mutu da rauni iri ɗaya, karayar gindin ƙoƙon kai: bel ya riƙe jiki, kai da nauyin hular kwano ya ci gaba da tafiya. Maganin yana nan tun tuni, HANS, wani abin wuya da ke zama a kafaɗa ƙarƙashin bel, da igiyoyi biyu zuwa hular. Direbobi suka ƙi shi wai yana takura. Sai da Dale Earnhardt, mai kambi bakwai, ya mutu a zagayen ƙarshe na Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairu 2001, aka tilasta shi a Oktoban shekarar. A 2002 Indianapolis ta fara sa bangon SAFER da Jami'ar Nebraska ta ƙirƙiro, bututun ƙarfe a gaba, tubalan soso tsakaninsu da kankare. Tun daga ranar Earnhardt ba a sake rasa direba a babban rukuni ba.

Malam Habu Bakanike:
Tsaro ban yi jayayya da shi ba. Amma ita ma sabuwar ta zo da nata, bayanta ya yi tauri, ba ya lotsewa, duk bugun sai ya wuce jikin direba. Kurt Busch ya bugi bango da baya a Pocono a 2022, ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, bai sake tsere a babban rukuni ba. Sai a 2023 aka sake fasalin ƙarafan bayan. Da a ce kowace ƙungiya ke gina tata, da wani ya gano da wuri.

Zinaru:
Batun kuɗi ba yau ya fara ba. A farkon 1971 aka hana tallar sigari a talabijin, kamfanin R.J. Reynolds ya juyo da kuɗinsa nan, gasar ta ɗauki sunan sigarinsa Winston har 2003. Talabijin kuma ya kama ta a 1979, da CBS ta nuna Daytona 500 kai tsaye daga farko har ƙarshe, ƙanƙara ta kulle mutanen gabas a gida, Cale Yarborough da Donnie Allison suka yi karo a zagayen ƙarshe suka fito suna dambe, Richard Petty ya wuce ya ci. Daga nan aka fara neman manyan birane. An rufe filin North Wilkesboro, na yankin su Junior Johnson, a 1996. A 2004 an ɗauke wa Darlington ranarta ta hutun ma'aikata aka kai Kalifoniya. Masu kallon Daytona 500 sun kai miliyan 19 a 2006, yanzu ba sa kai miliyan 10. Tsofaffin masoya sun ji an yar da su, sababbin kuma ba su zauna ba. Shi ya sa aka mayar wa Darlington ranarta a 2015, NASCAR ta koma North Wilkesboro a 2023. Duk da haka kwangilar talabijin da ta fara a 2025 dala biliyan 7.7 ce na shekara bakwai, kuma kan rabon kuɗi ƙungiyar tsere ta Michael Jordan, tsohon ɗan ƙwallon kwando, ta kai NASCAR kotu a 2024.

Ɓangaren Indianapolis su da kansu suka yi wa kansu rauni, suka rabu gida biyu daga 1996 zuwa 2008, masu kallo suka watse. Formula 1 ta shigo ta wannan giɓi: Austin a 2012, Miami a 2022, Las Vegas a 2023, amma tikitinta ba na mai gareji ba ne.

Baba Ilu:
Sagiru, in kana neman bakaniken da kake tambaya, ba a talabijin zai fito ba. Yana ƙananan filaye na daren Juma'a da Asabar, ɗaruruwa a faɗin ƙasar, da yawansu na jar ƙasa a filin baje kolin amfanin gona. Knoxville a Iowa, Bowman Gray a Winston-Salem, da tseren Chili Bowl da ake yi cikin rufaffen zaure a Tulsa kowane Janairu. Mutum ya tashi aiki ya ja motarsa a tirela, matarsa na riƙe agogo, ɗansa na goge laka, kuɗin da zai ci da ƙyar ya biya taya.

Ɗanjuma:
Kuma a can aikin hannu na nan daram, Baba. Filin ƙasa ana karta shi a zuba ruwa tun da rana, a sa manyan motoci su tattake. Da farkon dare yana da danshi yana kama taya, sai a ƙara bambancin girman tayoyin baya, a bar inji ya yi aikinsa. Yayin da dare ke yi, ƙasar na bushewa ta yi baƙi da santsi a tsakiya, ɓurɓushin da tayoyi suka watsa ya taru ya yi tudu a gefen waje. Direba ya zaɓa, ko ya bi can ƙasa a hankali inda sauran danshi yake, ko ya jingina tayar dama ta baya da tudun ya yi gudu, in ya haura shi kuwa ya kife. Tsakanin zagayen share fage da babban tsere bakanike na da 'yan mintoci ya sauya giya, ya rage iska, ya yanka sababbin tsagi a taya da wuƙa mai zafi don ta ciji busasshiyar ƙasa. Idan mai ban ruwa ya zuba da yawa fili ya yi ramuka ya karya ƙafafun mota, idan ya yi kaɗan ƙura ta tashi har 'yan kallo ba sa ganin kwana ta uku.